Murɗin Hagu a Kwandon Magajiya

A Sumbrungu in ka ce Ayampoka kake nema, sai an tambaye ka wacce daga ciki, don sun kai huɗu. Amma ka ce Magajiya, ko ɗan da aka yaye jiya zai nuna maka gidan, ga shi can bayan babbar kuka, mai zabi barkatai a ƙofa. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta girma. Shekara goma sha tara tana shugabancin mata masu saƙar kwando a yankin, kuma duk tsawon lokacin nan babu wanda ya taɓa jin ta ce wa wani ya yi haƙuri.

Tana da shekara bakwai uwarta ta sa mata tsinken ciyawa a baki, ta ce ta tsaga shi biyu da haƙori. Daga nan aka koya mata murzawa. A lokacin kan cinya tsirara ake ɗora tsagin a murza da tafin hannu har ya zama igiya siririya, ba kamar yanzu da yara ke ɗaura tsohon silifa don kada fatarsu ta goge ba. Sai rini, sai kafa gindi, sai tada jiki, sai rufe baki. Kafin ta auri Akurugu, manomin gero mai ƙarancin magana, kwandonta ya riga ya yi suna. Saƙarta a matse take, ka zuba gero ka girgiza ko ƙwaya ba za ta faɗi ba. Bakin kuwa ja take yin sa, mai tufka uku, mata da yawa sun gwada kwaikwayo sun haƙura.

Amma suna bai hana 'yan sari wasa da ita ba. Kasuwar Bolga, babban garin da ke kusa da su, kan ci duk bayan kwana uku, kuma waɗannan mutane sun san lagon mata. Da safe su zagaya su taɓa kaya, su yamutsa fuska, su wuce. Sai rana ta yi sanyi, mace ta fara tunanin nisan gida da tukunyar da ba a ɗora ba, sannan su dawo su taya abin da ko kuɗin ciyawa bai kai ba. Ta sayar a haka shekara da shekaru, tana zagi a ciki. Ran nan wani mai hular sanyi ya shuri kwandonta da ƙafa yana tayawa. Ta tashi ta jera kwandunanta bakwai a ka, ta tako har gida ba ta sayar da ko ɗaya ba, aka kwana da kunu tsurarsa. Kashegari ta bi gida gida ta tara mata goma sha ɗaya a gindin kuka.

Haka ƙungiyar ta fara. Suka riƙa haɗa hannu suna sayen ciyawar da ake kawowa daga kudu, suna rini a tukunya ɗaya. Bayan wasu shekaru wani ɗan garin da ya yi karatu a Kanada ya haɗa su da wani shago na can, irin masu cewa ba za su ci gumin mai sana'a ba. Sai a yanke farashi tun kafin a kafa gindin kwando, babu jiran faɗuwar rana. Aka gina rumfa mai kwano, aka haƙa rijiya, mata suka haura ɗari. Kowane kwando kuma sai an ɗaura masa ɗan kati mai hoto da sunan wadda ta saƙa shi. Wannan doka daga bakin Magajiya ta fito, ba daga Kanada ba.

“Hannun da ya saƙa, sunansa ne a jiki,” in ji ta. “Mun gaji da saƙa wa wasu suna.”

Ita ke tsaye a ƙofar rumfa ranar karɓar kaya. Ta juya kwando, ta danna gindi da babban yatsa, ta miƙa wa mai shi ta ce a koma a sake. Ta sa mata da yawa kuka. Gaskiya dai ita ta sa kayansu suka yi daraja, wannan ba mai musun sa. Amma ba ta iya gyara mutum a ɓoye ba, sai kowa ya ji.

Haƙora suka fara tafiya. Wannan ba abin kunya ba ne, duk tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana tsaga ciyawa da baki ta san za a zo nan, sai ta koma tsagawa da farce da ƙaramar wuƙa. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne yatsu. Wata damina ta tashi da safe ta ga hannunta ya ƙi dunƙulewa. Ta shafa man kaɗanya, ta gasa a bakin murhu, ta sha ƙwayar asibiti, ta sha sassaƙe. Murza tana yiwuwa a hankali, amma jan saƙa har ta matse, wannan ya gagara. Kwandon kwana uku ya koma na kwana tara, kuma da ta ɗaga shi sama sai ta hango hasken rana ta jikinsa. Irin wanda da wata ce ta kawo, da ta ji magana har ta manta hanyar gida. Ta cusa shi cikin rumbu ƙarƙashin damin dawa.

Da ta fito ta faɗa, wa zai ce mata uffan? Tsufa ne, kowa zai je. Da an shimfiɗa mata tabarma a rumfa ta zauna tana duba kayan wasu har ƙarshen ranta. To amma hotonta ne a allon ƙofar rumfa, tana dariya da haƙoranta cikakku. Mutanen Kanada kuma duk zuwan takarda sai sun ce a sa musu na Ayampoka guda shida, masu jan baki, wai akwai masu jira. Girman kai ne ya hana ta, babu wani suna da za a ba shi. Ta gwammace komai da a ce hannun Magajiya ya mutu.

Shi ya sa wata ranar kasuwa ta yafa mayafi har goshi, ta wuce layin kwanduna inda kowa ya san ta, ta zagaya can bayan masu zabi, wajen da matan ƙauyukan nesa kan baje kaya a ƙasa. Nan ta ga wata doguwar mace ramammiya, ba za ta wuce arba'in da 'yan kai ba, tana zaune tana murza ciyawa a cinyar hagu. Ayampoka ta ɗauki kwando ɗaya ta danna gindinsa. Tun da take ba ta taɓa riƙe saƙar da ta kai tata ba sai ranar.

“Daga ina?”

“Daga wajen Zorko, Mma.”

“Bahaguwa ce ke?”

“Haka aka haife ni, Mma. An doki hannun har an gaji.”

“To ji nan. Ina son guda shida, amma kada ki rufe musu baki. Ki kawo min su haka nan a buɗe. 'Yan mata nake koya wa rufe baki.”

Matar ta dube ta, ta ce to. Ko me ya sa ba ta tambaya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau Magajiya ba ta iya tuna shi ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ranar da aka kawo kayan, ta zo da safe ta duba, ta ce jikin wannan ya ɗan karkata, launin wancan ya dushe, ta ce bari ta zagaya. Ta je ta zauna wajen mai ƙosai. Sai da rana ta yi sanyi ta dawo ta taya. Ba wai ta zauna ta ƙulla haka ba ne. Ƙafafunta ne suka san hanyar, don an yi mata sau ɗari. Ta biya farashin yamma, ta kai kwandunan gida cikin buhu, ta yi kwana biyu biyu a kan kowane tana rufe masa jan baki da ciyawar da ta murza da kanta. Wannan kaɗai yatsun ke iya yi. Ta riƙa gaya wa zuciyarta cewa ai ga hannunta a ciki, sunan bai zama ƙarya gaba ɗaya ba.

Shekara biyu ana haka. Ba a gane ba saboda ba mai duba kayan Magajiya. Takan kawo su ne a danne, a ɗaure cikin juna, an gama shirya su don shiga kwantena, sai dai a ɗaura kati. Kuma kullum ta karɓi kuɗin ƙungiya a kansu, ranar ba ta iya cin tuwo da yawa.

Wata Alhamis bayan girbi, Adongma ta ce akwai saƙo daga Kanada. Adongma ita ce mai riƙe da takardun ƙungiya, mace mai 'ya'ya uku da tabarau, kuma a cinyar Magajiya ta koyi murza tun tana yarinya. Ta karanta daga waya, tana fassarawa. Kwando dai a danne yake tafiya, in ya isa can sai mai saye ya tsoma shi a ruwa ya buɗe shi ya bar shi ya bushe, ya koma yadda yake. To wai akwai 'yan kaɗan da in sun bushe sai bakinsu ya murguɗe. Mutanen sun ce ba ƙara suke kawowa ba, a dai duba.

“Na wa?” Magajiya ta daka tsawa.

“Ba su faɗi suna ba, Mma.”

“Ba su faɗa ba don suna da kunya, abin da wasu a nan ba su da shi. Gaggawa! Mace na saƙa tana latsa waya, yaya baki ba zai karkace ba? Daga yau ba kwandon da zai fita sai an tsoma shi a nan, an shanya a nan, kowa na gani.”

Asibi, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda ita kaɗai ke iya taka ta ta kwana lafiya, ta ce, “Har da naki, tsohuwar nan?”

“Da nawa za a fara, mai bakin zabuwa.”

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi. Ko a ranta ba ta kawo cewa nata ne ba. A gida yayyafi kawai take yi musu ta danne, ba ta taɓa jiƙa su sharkaf ta bar su a buɗe ta ga yadda za su bushe ba. Saƙar matar nan ta san ba ta da aibi, bakin da ita take rufewa kuwa shekara hamsin bai taɓa ba ta kunya ba. Abin da ba ta yi tunani a kai ba shi ne haɗuwar biyun.

Ranar Asabar aka cika manyan bahuna da ruwan rijiya. Aka kwance ɗaurin Magajiya, Adongma ta tsoma shidan nan ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe su da hannu, ta jera a farkon layi kan siminti. Sauran suka biyo baya, layi layi har bakin hanya. Mata suka koma inuwa suna tsaga, suna murza, ana ta shewa a kan wata da mijinta ya sayar da akuya ya sayo tabarau na gayu. Da rana ta karkata aka tashi dubawa.

Tun daga nesa Magajiya ta gani. Duk filin nan bakuna zagaye suke, ban da shida na farko. Kowanne ya murguɗe gefe guda kamar bakin yaro mai shirin kuka.

“Kai!” Asibi ta tafa hannu. “Magajiya, kwandunan naki burkutu suka sha? Ku zo ku ga, duk shida sun bugu!”

Dariya ta tashi, wasu har da riƙe ciki, don an daɗe ana jiran ranar da za a samu Magajiya. Adongma ba ta yi dariya ba. Ta tsuguna ta ɗauki ɗaya, ta bi jikinsa da yatsa, ta bi bakin, ta sake komawa jikin. Ta zaro wani ɗan tsinke da ya leƙo ta warware shi kaɗan. Sannan ta ajiye kwandon a hankali, ta cire tabarau tana gogewa da gefen zani. Wata ta ɗauka ta duba, ta miƙa wa ta kusa da ita. Dariyar ta riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya.

Ba sai an yi wa mai saƙa bayani ba. Ciyawar da hannun dama ya murza, in ta sha ruwa ta bushe, gefe guda take ja. Ta hannun hagu ɗaya gefen take ja. Jikin kwandon murɗin hagu ne, bakin murɗin dama, kowa ya ja nasa. Hannu biyu ne a kwando ɗaya. Kuma duk wadda ke tsaye a wurin ta san babu bahaguwa a gidan Akurugu, babu ko ɗaya a rumfar nan.

Ayampoka ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta jira a yi mata abin da ta saba yi wa mutane. Akwai mata a wurin da ta taɓa jefa wa kwando a ƙirji. Ta jira ɗaya daga cikinsu ta buɗe baki.

Asibi ce ta yi magana, da wata murya da ba tata ba. “Jan rinin nan ne. Tun bara nake cewa rinin da ake kawo mana yanzu ba shi da kyau, yana sa ciyawa ta ƙanƙance.”

“Wallahi rinin ne,” in ji wata.

“Ni ma ya taɓa yi min haka.”

“A ajiye su gefe kawai, a ci gaba. Rana na tafiya.”

Aka kwashe shidan nan aka kai bayan rumfa, kowa ya shiga duba nasa da himmar da ba a taɓa gani ba. Babu wadda ta kalle ta. Da sun zage ta, da ta samu abin riƙewa, ta san yadda ake faɗa. Wannan rufin asiri shi ne ya gama da ita. Ta ce kanta na ciwo, ta ɗauki mayafi. Suka ce Allah ya sauwaƙe, Mma, duk suna kallon ƙasa.

Ta tarar da Akurugu a ƙofar gida yana watsa wa zabi dawa. Ya dubi fuskarta sau ɗaya ya ci gaba da abin da yake yi.

“An gani ke nan.”

“An ga me?”

“Ni nake hawa rumbun nan, ba ke ba. Na ga wanda kika cusa ƙarƙashin dawa tun shekara biyu. Na kuma ga buhun da ke shigowa ran kasuwa.”

“Ka gani ka yi shiru, Maigida?”

“Yaushe aka fara gaya miki magana?”

Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado da hannuwan nan a cinya, tana kallon su.

Kwana huɗu ba ta fita ba. Ranar Laraba da hantsi Adongma ta zo da ƙwaryar gyaɗa, ta durƙusa ta gaishe ta, aka yi maganar rana da tsadar ciyawa. Can ta ce, “Mma, mun yi magana. Ba wanda zai ji a waje. Za mu rubuta wa Kanada mu ce kin huta da saƙa saboda shekaru, shi ke nan. Kujerarki na nan.”

“Na bara fa? Da na bara waccan? Suna can gidajen mutane da fuskata a jiki.”

“Waɗannan sun riga sun tafi, Mma.”

“Ke na koya wa murza?”

“Ni ce.”

“Haka na koya miki?”

Idon Adongma ya kawo ruwa. Ayampoka ta ga haka ta ƙara jin kunya, don ta san ba yarinyar nan ce ta yi laifi ba, ga shi ita ake yi wa faɗa.

Kashegari ranar taro ce. Ta zo da wuri, amma ba ta zauna kan kujerarta ba, ta tsaya a tsakiya. Muryar nan da ake ji daga bakin hanya, ranar sai da na baya suka matso.

“Ba rini ba ne. Asibi, kin yi ƙarya, na gode. Hannuna ya mutu shekara biyu ke nan. Kwandunan nan wata mata ce daga wajen Zorko take saƙa su, ni baki kawai nake rufewa. A kasuwa nake saye. Kuma sai yamma nake tayawa.”

Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi fitowa da ƙyar, kuma ita ce ta sa wata tsohuwa a baya ta ce “Ayya!” da ƙarfi, ba ta sani ba.

“Ku nemi wata Magajiya. Allon ƙofar nan a sauke shi. A rubuta wa mutanen can gaskiya, abin da za su yi su yi. Abin da na ci a kan matar nan ni zan mayar mata, ko zabin Akurugu za su ƙare. Kuma in za ku yarda, a ba ta wuri a nan. Babu mai saƙarta a cikinmu.”

Aka ɗan yi hayaniya. Wasu na cewa ta zauna, wasu sun yi gum, kuma shirun nasu ma magana ne. Asibi ta share ido ta ce, “Zabin Akurugu kuma me suka yi miki, muguwa?” Ba wanda ya yi dariya sosai. A ƙarshe aka yarda a kira matar ta zo da kayanta. Adongma ta jawo littafi, ta gyara tabarau, ta cire murfin biro.

“Yaya sunanta, Mma?”

Ayampoka ta buɗe baki. Ta rufe. Ta nema a ranta, ta sake nema. Shekara biyu tana tsugunawa gaban matar nan, ta san tabon da ke wuyan hannunta, ta san zanin da take ɗaurawa, ta san tana tari in sanyi ya shigo. 'Yar Zorko take ce mata, ko Bahaguwa. Mata ɗari na kallon ta, biro na jira a sama.

“Ban tambaya ba,” ta ce.

Kasuwa ta kama ranar Asabar. Wannan karon ba ta ja mayafi ba, ta bi ta tsakiyar layin kwanduna ana gaishe ta tana amsawa a taƙaice. Ta sami matar a wurinta na kullum da sassafe, da kwanduna shida marasa baki a gefe, an rufe su da tsumma.

“Mma, yau kin yi sammako. Ko za ki zagaya tukuna?”

Babu gatse a muryarta, tambaya ce kawai ta wadda ta saba. Ayampoka ta nemi dutse ta zauna, gwiwoyinta na ƙara. Ta faɗi komai daga farko, ba ta rage ba. Babu wasu 'yan mata da take koya wa. Ta faɗi katin, ta faɗi hoton, ta faɗi abin da ake biya a rumfa. Matar na saurare tana murza ciyawarta, ba ta tsaya ba.

“Na sani, Mma,” ta ce. “Wa bai san jan bakin kwandonki ba? Ƙanena yana dako a wajen masu lodin kwantena. Ya ga nawa da fuskarki a jiki tun zuwan farko.”

“Kin sani, kika ci gaba da kawowa?”

“Ke ba kya shuri da ƙafa. Kuma shida a tashi ɗaya ba kullum ake samu ba.”

Wani mai zabi ya wuce yana rigima da mai saye. Ayampoka ta jira suka yi nisa.

“Mata sun ce ki zo ran Alhamis da kayanki. Ki rufe musu baki da kanki, yadda kike so. Sunanki za a sa.” Ta ƙara da cewa, “Sai dai ban san sunan ba. 'Yar uwa, ki yi haƙuri. Yaya sunanki?”

Sai a lokacin matar ta ajiye ciyawar. Ta ɗago ta dube ta sosai, kallon da ba ta taɓa yi mata ba.

“Na taɓa faɗa miki. Shekara takwas ke nan, shekarar da mijina ya rasu. Na tako daga Zorko da kwanduna huɗu har ƙofar rumfarku. Kika tambayi sunana, na faɗa. Kika juya kwando ɗaya, kika ce murɗin hagu ba ya shiga kayanku, zai ɓata muku layi. Kika ce in je in koyi murzawa kamar mutane.”

Ayampoka ta yi iya ƙoƙarinta ta tuna ranar. Da ta tuna, da ya fi mata sauƙi. Amma mutanen da ta mayar daga ƙofar nan suna da yawa, ba ta iya ware wannan daga ciki ba.

“Nsoma,” in ji matar. “Nsoma Abugre. Alhamis ɗin zan gani, in na samu mai duba min awaki.”

Ta ja tsumma ta ƙara rufe kwandunan, ta ɗauki ciyawarta. Maganar ta ƙare ke nan.

Ayampoka ba ta iya rubutu ba, kuma ta ji nauyin ta tsayar da wani a kasuwa ya rubuta mata. Ta ƙi shiga keke mai ƙafa uku don kada surutun mutane ya kore mata shi daga kai. Ta kama hanyar Sumbrungu a ƙafa cikin rana, tsohuwa gajera ba kaya a ka, leɓɓanta na motsi. Masu wucewa a babur suna ɗaga hannu suna cewa sannu Magajiya, ba ta amsa wa kowa ba, tana ta maimaita sunan har ta kai ƙofar gidan Adongma.